Farar Rumfata da Almakashin Ba-matsala

Akwai wani mutum da ya cuce ni, kuma ya san kansa. Ba zan kama suna ba, tunda ya yi ƙaura, an ce yana can yana shan iska hankalinsa kwance. Ranar da zai bar unguwarmu, duk faɗin garin nan ya rasa wanda zai bar wa madubinsa na hangen taurari sai ƙanena. Mutane suka yi ta cewa kai, mutumin kirki, ya yi kyauta. Ni kuwa na ce mugunta ce shiryayya, kuma sai kun ji kafin ku yanke mini hukunci.

Sana'ata hayar rumfa da kujeru. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, da 'yan kujerun roba masu karyayyun ƙafafu na fara, da ido da baki na kai inda nake. Ƙanena shi ke riƙe da makullin sito, shi ke kafa rumfuna. Kowa Ba-matsala yake kiransa, domin ko rufin ɗaki ne ya faɗo masa a ka, kalmar da za ta fara fita daga bakinsa ke nan.

Madubin wani farin bututu ne mai kauri, kamar bakin igwa, zaune a kan ƙafa ta ƙarfe. Kafin mako ya zagayo ƙanena ya zama masani. Na ce ya nuna mini wata in gani, sai ya dube ni da tausayi.

"Yaya, wata ai na 'yan koyo ne. Ni can ciki nake shiga. Akwai wata rundunar taurari, gari guda ce, ana ce mata Andiromeda."

"Ka gan ta?"

"Saura ƙiris."

"Wato ba ka gan ta ba."

"Haba Yaya! Abin da haskensa ya yi tafiyar shekara sama da miliyan biyu kafin ya iso, kya ce in tarbe shi a tsaitsaye ni kaɗai? Taro za a yi masa."

Na ce ya yi taronsa, ga tsofaffin kujeru nan. Abu ɗaya na ja masa kunne a kai. Ina da wata farar rumfa sabuwa dal, ko daga leda ba a kwance ta ba. Na yi wa Hedimastan makarantar bayan layinmu alkawari cewa taron ba ɗalibansa kyaututtuka ne zai fara buɗe ta. Na daɗe ina zawarcin makarantar nan, don in ta shigo hannu, tarukanta na shekara duka nawa ne. Na rantse wa Hedimastan ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba.

"Ka ji ko? Ko kallon ledar kada ka yi."

"Ba matsala," in ji shi. Da na san ciwon kaina, daga nan zan karɓe makullin.

Ana gobe taron makaranta na tafi kwaso kujeru a wani wuri. Ban dawo ba sai da rana ta faɗi. Tun daga kan kwana na hango filin gaban shagona ya haske kamar gidan mai. Janareta na ruri, lasifika na tashi, fitilu ja da kore da shuɗi suna ƙyaftawa. Rabin unguwa na zaune a jere. A samansu kuwa, a miƙe, fara tas, ga rumfata.

Na same shi a bayan lasifika yana gyara wuyan riga. Na damƙi hannunsa.

"Kai, ka haukace ne?"

"Yaya, yi a hankali, akwai baƙi. 'Yan awoyi ne kawai. Raɓa ce kaɗai za ta taɓa ta, raɓa kuwa wanki ce."

Na cika baki da abin da zan sauke masa, sai na ji an kira ni daga babban teburi.

"A'a, Mai-rumfa! Sannu da zuwa."

Na juya. Hedimasta ne da kansa, ya naɗe wuya da mayafi, hankici a hannu. Shi ƙanena ya gayyato babban baƙo. Ya ɗaga kai ya dubi rumfar yana jinjina.

"Kai, wannan ma ai kyakkyawa ce. In wannan ce ta yau da kullum, ina ga tawa ta gobe?"

Duk ɗan kasuwa ya san irin murmushin da na yi. "Ranka ya daɗe, wannan ai tsohuwa ce, wanki ta sha. Taka tana sito, ko numfashi ba ta yi ba."

Kun ji inda na ɗaure kaina da bakina. Na nemi kujera na zauna ina tafasa a hankali.

Ba-matsala ya karɓi makirfo. Ya gabatar da kansa da muƙamai uku waɗanda ni da muka fito ciki ɗaya ban san yana da su ba. Ya yi bayanin sama kamar a can aka yanke masa cibiya. Sannan ya yaye ƙyallen da ya rufe madubin, aka tafa, ya ɗaga bakinsa sama, ya kafa ido.

"Ga ta! Jama'a, ga ta! Fara fat, ta cika madubin!"

Mai walda na gefen shagona ya taso, ya bi tsawon bututun da kallo har sama.

"Ba-matsala."

"Kada ka katse ni, ina cikin sararin samaniya."

"Rumfa kake kallo."

Dariya ta ɓarke. Ƙanena ya kafa rumfa a kan madubin da zai kalli sama da shi. A wurinsa abu mai daraja a ƙarƙashin rumfa ake ajiye shi, a tsakiya, a gaban manyan baƙi, tun da ya fara aiki haka ya saba.

"Gwada ku nake in ga masu lura," in ji shi. "Mai walda ya ci. To, a ɗan jawo madubin waje."

"A jawo me?" in ji Mai walda. "Kai ka ce girgiza ce maƙiyiyar mai kallon sama. Kai ka sa na kafa ƙarafa a siminti na liƙe ƙafarsa, ka ce ko mota ta buge shi kada ya motsa. Kansa dai yana juyawa, amma ƙafar nan sai dai jikokinka su gaje ta a nan."

Na miƙe da sauri. "To a sauke rumfar! Yanzu-yanzu, a ninke ta."

Hedimasta ya yi atishawa har gilashinsa ya zamo. "Don Allah Mai-rumfa, a bar ta. Mura nake fama da ita. Mai ɗakina ba ta bar ni na fito ba sai da aka tabbatar mata raɓa ba za ta taɓa ni ba."

"Kuma an taɓa taro babu rumfa?" in ji ƙanena. "A gaban shagon mai rumfa? Ina za mu kai kunya?"

Na koma na zauna. A raina na ce shi ke nan, taro ya mutu, kowa ya tafi gida, in ninke kayata. Ban san yanzu ya fara ba.

"Mataki na gaba," ya faɗa a makirfo, "sabon ido. Duk mai son ganin abu mai nisa, sai idonsa ya saba da duhu tukuna."

Tela, matar da ke ɗinki a ƙarshen layi, ta ce, "To a kashe fitilun mana."

"Taro a duhu? A ce mun kasa zuba wa janareta mai? Anti, bar wa masu ilimi." Sai ya jawo buhun ƙyallayen da muke ɗaure wa kujeru don ado. "Fitila ta ci gaba da aikinta, kowa ya ɗaure idonsa. Duhu ya samu, taro bai lalace ba."

Wallahi suka ɗaura. Manya da gemu, kowa da ƙyalle ruwan hoda a fuska da ƙulli a ƙeya. Na ce ni ba zan ɗaura ba.

"Gaskiya ce fa, Mai-rumfa," in ji Hedimasta. "Ido yana buƙatar ya saba. Ɗaura mana." Shi kuwa ido ɗaya ya rufe, tunda shi zai fara kallo.

Mutumin da zai ba ni tarukan shekara ya ce in ɗaura. Na ɗaura.

Ina zaune cikin duhu na ji an jawo tsani. Na ji an taka. Sai kuma wani ɗan sauti daga sama, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

"Kai, mene ne wannan?"

"Saiti nake yi, Yaya."

Tela ta gyara zama a kusa da ni. "Ikon Allah. Wannan ai kukan almakashina ne. Ɗazu da rana ya ara, wai zai yanke zaren balan-balan."

Sai ga muryar Hedimasta, cike da zumuɗi. "A'a, ka yi dama da yawa. Sake wani ta hagu. Yawwa. Ɗan faɗaɗa shi. Kada ka ji komai, ai ta ce tsohuwa ce."

Na fizge ƙyallen. Ƙanena yana saman tsani, Mai walda yana riƙe masa. A tsakiyar farar rumfata ga huji uku, biyu na kuskure, na ukun ya kai faɗin tire.

Ban san lokacin da na isa gindin tsanin ba. Na kama ƙafarsa na murɗe naman ƙwaurinsa, fuskata tana wajen Hedimasta ina murmushi.

"Sauko," na ce ta tsakanin haƙora. "Sauko in nuna maka taurari."

"Wayyo! Yaya, ɗan faci ne. Tela za ta rufe shi kafin shayi ya huce."

"Ba damuwa ko, Mai-rumfa?" in ji Hedimasta.

"Haba, ina damuwa, ranka ya daɗe? Da ma shara za ta."

Na lissafa a raina, huji uku Tela za ta iya rufewa, in sa ado a wurin. In na yi shiru, gobe tana iya tsira. Na saki ƙafarsa.

Aka fara layi. Ana jawo mutum a makance, a kwance masa ido a bakin madubi, fitilar da ke saitin fuskarsa ta dalle shi, duk sabon da idon ya yi ya tashi a banza. Hedimasta ya duba ya ce akwai dai ɗan tauraro guda. Mai kanti ya ce ya ga toka-toka. Wani tsoho ya daɗe a sunkuye, ya ɗago ya ce ya ga gashin idonsa, kuma bai san sun yi fari haka ba.

"Ku kalli gefe!" ƙanena yana ta ihu. "Ba a kallonta kai tsaye, da wutsiyar ido ake kamo ta!"

Tsohon ya kalli gefe, ya ce yanzu yana ganin matar Mai kanti. Mai kanti ya ce a fitar da shi daga layi.

Ana cikin haka Hedimasta ya sake leƙawa, ya ce ɗan tauraron ma ya gudu. Ƙanena ya karkata bututun ya bi shi, sai bakin ya koma kan tamfol.

"Wa ya taɓa madubin nan?"

"Ba wanda ya taɓa," in ji Hedimasta. "Duniya ce ke juyawa. Taurari suna gangarawa yamma a hankali."

"Na sani mana. A miƙo almakashi."

"Tsaya," na ce. "Ranka ya daɗe, yaushe suke tsayawa?"

"Ai ba sa tsayawa."

"Wato sai ya kai almakashin nan bakin titi?"

"Kaɗan zai ƙara," in ji Hedimasta, ya riga ya manta da mura. "Ɗan tsaga shi ta yamma. Ƙara. Ƙara dai, kada mu yi ta hawa da sauka."

Ƙanena ya tsaga. Suka leƙa, suka yi gardama, sama ta matsa, ya sake tsagawa. Huji ya zama layi. Layi ya zama hanya. Ina tsaye ina kallon ƙanena yana bin sararin samaniya da almakashin aro, a jikin kayata, da umarnin mutumin da zai zauna a ƙarƙashinta gobe.

Daidai nan janareta ya yi tari, ya shaƙe, ya mutu. Ba-matsala ya ɗora masa duk fitilun sito, bai tuna ya ƙara mai ba. Kiɗa ya yanke. Duhu ya rufe filin, na gaske wannan karon.

"Ba matsala!" Muryarsa ta fito daga saman tsani. "Yana cikin shiri."

Tela, wadda barci ya kwashe da ƙyalle a ido tun ɗazu, ta farka saboda shirun. Ta kwance ƙyallen, ta ɗaga kai ta tsagar rumfar.

"Kai, taurari! Wancan kuma mene ne, kamar an manta 'yar auduga?"

Hedimasta ya bi yatsarta, ya juya bututun a hankali, ya leƙa. Ya gyara gilashinsa, ya sake leƙawa. Sannan ya ce, "Ita ce."

Aka yi ca a kan madubi. Da layi ya zo kaina na sa ido. Wani ɗan hazo ne mai tsawo, tsakiyarsa ta fi haske, kamar tabon sabulu a gilashin taga. Ba ja, ba shuɗi, ba ko ɗaya daga cikin kalolin da ƙanena ya yi ta nuna wa mutane a waya. Na ce mata, baiwar Allah, shekara miliyan biyu kina hanya, abin da kika zo da shi ke nan? Amma ba zan ɓoye ba, sai da Mai walda ya ce in matsa wa na baya.

Da a nan aka tsaya, da na tsira da ƙaryata. Sai dai ƙanena ba ya iya riƙe nasara a ciki. Ya miƙe a saman tsani ya buɗe murya.

"Jama'a, ku shaida! Ni na kawo muku ita! A gode wa Yayata, wadda sabuwar rumfarta, da hannuna na kwance ta daga leda yau da rana, ita ce rumfa ta farko a tarihi da..."

Ya kama bakinsa da hannu.

"Wace leda?" in ji Hedimasta.

Iska ce ta ba shi amsa. Ta shigo ta tsagar, ta cika rumfar, sai muka ji kyaaar, tun daga tsakiya har baki. Rabi ya faɗo a kan babban teburi ya lulluɓe Hedimasta. Ɗaya rabin ya naɗe ƙanena da tsaninsa, suka tafi tare cikin kujeru. Mai walda ya ce shi an ce ya riƙe tsani ne, ba a ce ya bi shi ba.

Aka zaro Hedimasta, gilashi a karkace, ƙyalle ruwan hoda a wuya.

"Mai-rumfa! Rumfata ce wannan? Kin ce ko numfashi ba ta yi ba! Iyayen yara za su cika makaranta gobe da safe. Na fasa, kuma kowa sai ya ji!"

To, tunda asiri ya tonu, bakina ya samu 'yanci. Na gyara ɗaurin zanena.

"Kowa ya ji, ranka ya daɗe, ni ma zan taya ka faɗa. Ƙarya dai na yi, na amsa. Amma idona a ɗaure yake, kunnena ba a ɗaure yake ba. Jama'a, muryar wa kuka ji tana cewa sake wani ta hagu?"

"Hedimasta!" in ji unguwa.

"Wa ya ce a faɗaɗa?"

"Hedimasta!"

"Wa ya ce ƙara dai, kada mu yi ta hawa da sauka?"

"Har da nuni da hannu," in ji Mai walda.

"To gobe in iyayen yara sun taru, ka ba su labarin ƙaryata, ni kuma in ba su labarin yadda shugaban makaranta ya rufe ido ɗaya da ƙyallen kujera yana ba da umarnin yanka rumfar taronsa. Sai kuma in biya ta wurin mai ɗakinka, in gaya mata raɓar da ka sha."

Ya yi atishawa. Ya goge gilashi. Ya dubi Tela.

"Baiwar Allah, zai ɗinku?"

Ya ɗinku, amma ba duka ba. Wurin da ƙanena ya yi wa gunduwa-gunduwa a tsakiya ya ƙi haɗuwa, aka bar wata doguwar kafa. Da safe muka kafa ta a makaranta, kafar ta faɗo daidai saman babban teburi. Da rana ta ɗaga, sai ga wani zaren haske ya sauka a kan sanƙon Hedimasta yana tsakiyar jawabi. Na miƙa wa ƙanena lema na ce aikinka ke nan. Ya tsaya a bayan manyan baƙi yana tare rana. Hasken kuwa ba ya zama wuri ɗaya, yana rarrafawa daga kan wannan zuwa kan wancan, shi kuma yana binsa da lema har aka tashi. Ina jinsa yana raɗa wa wani babban baƙo, "Ka ga yana matsawa? Duniya ce ke juyawa. Ni na tabbatar da haka jiya."

Makarantar dai tana hannuna har yau. Ni da Hedimasta muna gaisawa da mutunci, ba mai ɗaga kai ya kalli sama in muna tare. Farar rumfata kuwa yanzu sai taron da za a yi da yamma, kuma sai an sa mata balan-balan a tsakiya.

Shi wancan mutumin da ya yi ƙaura, ba baƙo ba ne. Ya sha zama a shagona. Ya san ƙanena, ya ji shi yana cewa ba matsala ranar da ya kafa rumfa a kan motar mutane. Da saninsa ya ɗauki madubi ya damƙa masa, ya shiga mota ya tafi. Duk mai cewa kyautar alheri ce, ga madubin nan a kafe a gaban shagona, muna shanya tsumma a kai. Ya zo da ƙanensa, in sa Mai walda ya yanko madubin daga siminti in ba yaron kyauta a gabansa. Ya tsaya ya ce mini na gode, in ya isa.